Na Zaɓi Jirgi, Na Bar Yaron da Laifi

Tun kafin ku yi nisa bari in faɗa muku, abin da za ku karanta yau ba mai daɗi ba ne, kuma wanda ya ɓata shi ni ne. Kada ku wahalar da kanku wajen neman mugu a cikin labarin nan. Shi ne yake rubuto muku.

Na san a wannan shafi 'yan mata ne suka fi kawo kukansu, su faɗi yadda iyaye suka tsaya musu a wuya a kan wanda suke so. To ni uba ne. Shekarata hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki na yi su a gaban injin yanka kwali, a kamfanin da ke buga kwalayen sabulu da biskit. Karatuna bai yi nisa ba. Ina karanta saƙo, ina rubutawa da ɗan yatsa ɗaya, amma da zarar takarda ta cika layuka da ƙananan rubutu sai kaina ya ɗaure.

Babbar 'yata ita ce idona a kan kowace takarda. Tun tana 'yar firamare take zama a gefena da biro, ta cike mini ta asibiti, ta wutar lantarki, ta makarantar ƙannenta. Shi ya sa nake ce mata Sakatariya, har sunan ya bi ta gidan gaba ɗaya. Yanzu shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a wani kantin magani a bakin babban titi. Kullum da safe za ta goge farar rigarta ta aiki, ta naɗe ta a leda, ta yafa mayafinta ruwan toka, ta leƙo ta ce, "Baba, akwai takarda yau?" In ce babu, ta ce, "To ofis ya tashi."

Bara kamfaninmu ya mayar da ajiyarmu ta fansho hannun wani sabon kamfani. Ga wanda bai sani ba, duk wata ana cire wani abu daga albashinka, kamfani ya ƙara nasa, a ajiye maka har ranar da ka bar aiki. Sai suka turo wani saurayi ya karɓi bayananmu. Farar riga mai dogon hannu, baƙar jaka, takalmi yana ƙyalli a cikin ƙurar kwali. Kafin azahar ma'aikata sun raɗa masa Ɗan Fansho. Ranar na manta katin shaidata a gida, Sakatariya ta biyo ni da shi lokacin cin abinci. Ni ina can ina laluben tabarau a aljihu, ashe a gabana ake ƙulla zance. Ta gyara masa ranar haihuwata da ya rubuta ba daidai ba, ya ce mata, "Ke ya kamata a ba jakar nan." Ta ce, "Ba na ɗaukar kayan mutane." Suka yi dariya.

Wata biyu bayan nan ya fara zuwa gidana. Tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi. Ba ya zama a kujera in ina falo. Uwar yarana ta so shi tun ranar farko, ta ce yaron yana gaisuwa kamar wanda ya tashi a hannun kaka. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu kuma shi ke da maganar auren 'ya'yanmu, ya bincika ya ce bai ji wani abin ƙi ba, yaron ya shirya ya turo manyansa.

Ana cikin haka wani fom ya zo daga kamfanin fansho.

Aka tara mu a ɗakin cin abinci na ma'aikata, aka kashe injuna na rabin awa. Ɗan Fansho ya tsaya a gaba da takarda a hannu. Da ya hango ni sai ya ɗan rusuna, ni kuma na kawar da kai, don kada a fara yi mini tsiya.

Ya ce, "Daga yanzu kowa shi zai zaɓi inda za a juya masa kuɗinsa. Akwati uku ne a takardar, ɗaya za ka yi wa alama. Na farko, hannun jarin kamfanoni ake saya da shi. Yana iya tashi sosai, yana iya faɗuwa sosai. Na mai sauran shekaru da yawa ne a aiki, wanda in ya faɗi yana da lokacin jiran ya tashi. Na biyu rabi da rabi ne. Na uku yawanci gwamnati ake ba aro, ribarsa kaɗan ce, amma ba ya tsinka wa mutum zuciya."

Dogo, abokina da ke kan injin gam, ya ɗaga hannu. "Wato jirgin sama, da mota, da tafiyar ƙasa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Yaron ma ya yi, ya ce, "Kusan haka ne, Baba. Sai dai wanda ya kusa isa gida ba ya buƙatar jirgi."

Daga ranar sunayen suka zauna: Jirgi, Mota, Ƙafa.

Kowa aka miƙa masa ambulan da sunansa. A ciki akwai fom ɗin, da wata takarda mai nuna abin da ka tara tun da ka fara aiki. Na buɗe tawa a bayan inji, na duba, na sake dubawa, na ninke ta huɗu na tura a aljihun rigar aiki. Ba zan faɗa muku adadin ba. Abin da zan ce kawai, na ɗauka shekara ashirin da shida sun fi haka nauyi.

Sai wani tunani ya faɗo mini wanda ya fi adadin ciwo. Wa ya buga takardun nan? Wa ya sa su a ambulan ɗaya bayan ɗaya? Shi. Yaron da zai zo ya durƙusa a gabana ya roƙi in ba shi 'yata ya riga ya leƙa cikin aljihuna har ƙasa.

Da yamma ina cikin motar komawa gida wayata ta yi ƙara. Ga saƙon, yana nan har yau, ban goge ba:

"Barka da yamma Baba. Na duba shekarunka da abin da ke cikin asusunka. Don Allah ka zaɓi na uku. Saura shekara biyu ka ajiye aiki, kuma abin da ke ciki ba zai jure faɗuwa ba. In ka ba ni lokaci zan zo in yi maka bayani a natse."

Ku da kuke karantawa yanzu, na san kun ga ladabi da kulawa a ciki. Ni a ranar ba abin da na gani ke nan ba. Abin da na ji shi ne, kai tsoho ne, kuma abin da ka tara bai taka kara ya karya ba, ka lallaɓa a ƙasa. Kunya ta rufe ni a cikin mota kamar kowa ya karanta tare da ni. Ban ba shi amsa ba.

A kamfaninmu akwai wata ɗabi'a da muka daɗe a kanta. Ba a cike fom a keɓe. Duk lokacin da takarda ta zo daga ofis, Injiniya ne ke fara cike tasa. Shi ne mai kula da injunanmu, shekararsa talatin da biyu, ya yi jami'a. In ya gama sai ya ajiye a kan teburin shayi, ya danne da kofi, kowa ya zo ya kwafa. Ta hutu, ta asibiti, ta ƙungiya, duk haka muke yi, kuma ba mu taɓa ganin ba daidai ba.

Wannan karon da zai ajiye sai ya ce, "Ku kula fa, wannan ba irin wadda ake kwafa ba ce. Kowa da shekarunsa."

Dogo ya ce, "Kullum haka kake cewa. Matsa mu gani." Ya ɗaga kofin ya leƙa. "Kai jama'a! Injiniya Jirgi ya hau, mu kuma ya bar mu mu taka a ƙasa da silifas."

Aka yi layi da biro. Da aka zo kaina na tsaya na ɗan lokaci, saƙon yaron yana cikin aljihuna. Dogo ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Surukin Ɗan Fansho, me ya raɗa maka? Ko ya ce ƙafarka ta fi ƙarfi?"

Na ce, "Ni ba yaro ke zaɓa mini ba."

Na yi wa Jirgi alama. A raina na ce, in ya tashi, shekara biyun nan kuɗin za su yi kauri, ranar da yaron zai sake ganin takardata ba zan sunkuyar da kai ba.

Da na koma gida Sakatariya ta tare ni da biro a hannu, ko mayafi ba ta cire ba. "Baba, an ce an ba ku fom. Kawo a yi aiki."

"An gama. Ni da mutumin naki mun daidaita a can."

"Shi ya zaɓa maka?"

"Shi ya nuna mini."

Ku duba yadda na jera maganar. Ai ya nuna mini ɗin, ban dai bi ba. Ta yi murmushi har kumatunta suka lotsa, ta ce, "Wato an kore ni daga aiki ke nan." Uwarta daga kicin ta ce, "Ka ga amfanin suruki mai ilimi."

Bayan kwana uku wani saƙon ya shigo: "Baba, fom ɗinka ya zo hannuna. Akwai sauran kwana biyar da za a iya canzawa. Don Allah." Shi ma ban amsa ba. In ya zo gidan sai in ɗauki hulata in fita, kowa ya ɗauka kunyar suruki ce.

Watannin farko Jirgi ya tashi. Duk saƙon da ya shigo daga kamfanin fansho sai in ga an ƙaru, in riƙa jin kaina kamar wani ɗan kasuwa. A wata na bakwai, muna shan shayin ƙarfe goma, wayoyinmu suka yi ƙara kusan tare. Dogo ne ya fara magana, muryarsa ba daɗi: "Jirgin nan fa ya yi saukar gaggawa."

Kasuwar hannun jari ce ta faɗi, aka ce ba mu kaɗai ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na tara ya tafi.

Injiniya ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kada ku ɗaga hankalinku, haka yake yi. A ba shi shekara biyar ko shida zai dawo, har ya wuce." Sai idonsa ya faɗa kaina, ya ajiye kofin a hankali. "Baba, kai ma shi ka zaɓa?"

Na tashi na koma kan injina. Shi yana da shekara shidan da zai bayar. Ni a lokacin saura mini shekara ɗaya da wata biyar.

A gida na kasa cin abinci. Uwar yarana ta zauna a hannun kujera tana kallon farantin. "Malam, lafiya? Ko jikin ne?"

Na gaya mata kuɗin fansho sun faɗi, na gaya mata nawa suka tafi. Ta dafe ƙirji. Shekara da shekaru muna cewa in na ajiye aiki da kuɗin nan za mu buɗe ɗan shago a ƙofar gida mu lallaɓa tsufanmu.

Ta ce, "Tsaya. Ba yaron nan ne ya zaɓa maka ba?"

'Yan'uwa, nan ne wurin. Kalma ɗaya ce, a'a. Bakina ya buɗe, sai na ga fuskarta, na tuna yadda zan ce mata ni da furfurata na kwafi takardar yaro ɗan talatin da biyu, bayan an gargaɗe ni sau biyu a rubuce. Na rufe bakina, na kalli ƙasa.

Ta ce, "Innalillahi." Ta tashi ta ɗauko waya ta kira Yaya.

Ranar Asabar da la'asar Yaya ya zo, ya zauna a babbar kujera, ya ɗora sandarsa a cinya. Tsohon direban babbar mota ne, muryarsa ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ya sa aka kira yaron. Ya zo cikin riga ruwan sararin sama, guga har tana yanka, da ledar lemo a hannu, don bai san abin da ake ciki ba. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Sakatariya tana tsaye a bayan labulen ƙofar ɗaki, ina hango yatsun ƙafarta.

Yaya ya ce, "Kai ne masanin kuɗi ko?"

"Ina dai aiki a wurin, Baba."

"Tsoho mai shekara hamsin da takwas, wanne ya kamata ya zaɓa a cikin ukun nan?"

"Na uku, Baba."

"To don me ka ɗora ƙanena a kan na farko? Ko ana ba ku wani abu ne a kan duk wanda kuka tura can?"

Yaron ya ɗago kai. Sau ɗaya ya kalle ni, sau ɗaya tak, ba da fushi ba, kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ni kuwa na tsura wa ledar lemon ido.

Ya ce, "Baba, a aikinmu ba ni da izinin yin magana a kan asusun kowa, sai in mai shi ya yarda."

Yaya ya nuna ni da sanda. "To ga mai shi nan. Kai, ka yarda ya yi magana?"

Na ce, "Yaya, a bar maganar. Abin da ya faru ya faru."

Uwar yarana ta ce, "Kun gani? Har yanzu rufa masa asiri yake yi."

Yaya ya ce, "To ni ba zan rufa ba. Wanda ya yi wasa da guzurin uba tun kafin a ba shi 'ya, me zai yi in an ba shi? Ka gaya wa manyanka su dakata. Ba mu shirya ba."

Yaron ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Na gode, Baba." Ya juyo wajena ya ce, "Baba, a huta lafiya." Ya sa takalminsa ya fita. Lemon ya kwana uku a inda ya ajiye shi, ba wanda ya taɓa.

Washegari da safe Sakatariya ta same ni ina ɗaura igiyar takalmi. Idonta ya kumbura. Ta durƙusa ta miƙo mini wayarta. "Baba, karanta ka gani. Don kada ka ce ban ba shi dama ba."

Na sa tabarau na karanta.

Ita: "Kai ka ce Baba ya zaɓi na farko?"

Shi: "Ki tambayi Baba."

Ita: "Kai nake tambaya."

Shi: "Ba zan iya ba."

Ita: "I ko a'a kawai."

Shi: "Ki yi haƙuri. Ba zan sa bakina tsakaninki da mahaifinki ba."

Ita: "To ka amsa ke nan."

Daga nan ba wanda ya ƙara rubuta komai. Ta karɓi wayar ta ce, "Da a ce bai yi ba, ai da ya ce bai yi ba." Sai ta kama hannuna, wanda ƙurar kwali ta riga ta cinye layukansa, ta ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo shi gidan nan."

'Yata tana neman gafarata. Na ce, "Ba komai, tashi kada ki makara."

Mako uku muka yi a haka. Ta tattara agogon da ya ba ta da wani littafi da turare ta aika masa. Ta daina leƙowa da safe tana tsokanata. Ta rame har farar rigar aikin ta yi mata yawa a kafaɗa. Ƙarshen wata ta kawo wa uwarta rabin albashinta ta ce a fara tara wa Baba na shago. Uwar ta sa mata albarka tana hawaye, ni ina zaune ina jinsu, wayata tana aljihu da saƙo biyu a ciki. Kullum ina cewa gobe. In gobe ta zo sai in ga ai yau ya fi jiya wuya.

Ranar Talatar da ta wuce aka ce wakilin kamfanin fansho ya zo, duk mai son canza zaɓinsa ya je ofis. Na wanke hannu na tafi ina shirya abin da zan ce masa. Sai na tarar da wata mata mai tabarau a kujerarsa.

Na ce, "Ina yaron da yake zuwa?"

"Ya nemi a mayar da shi reshenmu na wani gari. Makon jiya ya tafi." Ta duba sunana, ta jawo fayil. "Au, kai ne. Ya bar rubutu a kan naka." Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta karanta mini: "A yi wa Baba bayani a hankali, a keɓe, ba a gaban abokan aikinsa ba. Kada a bar shi ya canza cikin firgici kafin ya fahimci abin da zai rasa ta kowane ɓangare."

Ta yi mini bayanin. In na koma na uku yanzu, abin da ya tafi ya tafi ke nan. In na zauna, yana iya dawowa, yana iya ƙara faɗuwa, ba mai iya yi mini alkawari. Ina jinta, amma rabin hankalina yana kan rubutun nan. Mutumin da na tsaya ina kallo aka kore shi daga gidana, shi ne ya zauna yana tunanin yadda za a kare mini mutunci a gaban su Dogo.

Na ce mata zan dawo. Na nemi izini wurin Injiniya, na fita da kayan aikina a jiki, ban ko kakkaɓe ba.

Kantin maganin da mutane biyu a ciki. Sakatariya tana bayan kanta tana ƙirga ƙwayoyi a ƙaramar leda. Da ta gan ni ta tsorata. "Baba! Lafiya? Ko Mama ce?"

"Kowa lafiya. Sallami mutane."

Da suka fita na buɗe saƙon farko na ajiye mata wayar a kan gilashi. "Karanta. Ki duba ranar da aka turo."

Ta karanta. Ta ja ƙasa ta ga na biyu. Ta koma na farko. Leɓenta yana motsi kamar lokacin da take 'yar firamare.

"Na uku ya ce."

"Na uku ya ce."

"To wa ya zaɓi na farko?"

"Ni. Na kwafi ta Injiniya. Na ji kunya ne, ya ga abin da na tara, na ɗauka raina ni ya yi."

"Ranar da Baba Babba ya tambaye ka, wannan yana cikin aljihunka?"

"Yana ciki."

"Ranar da na durƙusa na ce ka yafe mini?"

Na gyaɗa kai.

Wata mata ta shigo da jariri tana neman maganin tari. 'Yata ta juya, ta ɗauko kwalba, ta yi mata bayanin cokali nawa safe da yamma, muryarta ko rawa ba ta yi. Ta ba ta canji, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Da matar ta fita sai ta dafa kanta da hannu biyu, hawaye suna ɗiga a kan gilashin. Ban taɓa jin tsufa irin na lokacin ba.

Ta ce, "Baba, da ka ce mini kai ne, wallahi ko a jikina. Kuɗi ne. Da na cike maka wani fom ɗin mun ci gaba."

Na ce, "Na sani."

"Ba ka sani ba." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Ka je gida, Baba. Ina da aiki."

Ban tafi nan take ba. Daga bakin ƙofa na ga ta ɗauki wayarta ta kira yaron. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, haka. Sannan ta zauna tana rubutu mai tsawo.

Daga can gidan Yaya na wuce, na gaya masa komai a tsaye. Da na gama ya ce, "Ka sa na ci mutuncin ɗan mutane da bakina." Ya ce in nemo masa lambar manyan yaron, shi zai je da ƙafarsa. Uwar yarana kuwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Shekara ashirin da bakwai muna tare, Malam, ban taɓa raina abin da ka kawo ba."

Ni ma na tura wa yaron saƙo. Na ɗauki kusan awa ɗaya ina rubutawa ina gogewa. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne: "Ɗana, ni ne mai laifi. Na faɗa wa kowa gaskiya. Ka yafe mini."

Yau kwana huɗu ke nan. 'Yata tana gaishe ni safe da yamma, tana kawo mini ruwa, amma ba ta zama. Wayarta kullum tana hannunta, fuskar a sama. Yaya ya kira kawun yaron, aka ce masa za a yi shawara. Shi kuwa yaron bai amsa mata ba, bai amsa mini ba. Ban sani ba ko ya karanta, ban sani ba ko zai dawo, kuma in ya ƙi dawowa ban san yadda ni da 'yata za mu ƙare ba.